Sunan Yankan Kofur Ɗanliti

Gidanmu gidan mata ne, kuma ba ma ɓoyewa. Babanmu Malam Yahya mu biyar ya haifa, duk mata. Ni Hafiza, babbarsu, da na yi aure sai na ƙara uku a kai, su ma mata. Mutanen Sheme har tsokanar Baba suke yi, wai in ana neman mai hawa rumbu a gidanmu sai an je aro maƙwabta. Shi ya sa ranar Talatar da ƙanwata Amatullah ta haihu a Amurka aka ce namiji ne, Baba ya yar da fartanya a tsakiyar gona ya taho gida da ƙafa, ya manta da babur ɗinsa a gindin ɗorawa. Sai da ya sha ruwa ya tuna.

Amatullah ita ce mai zurfin boko a cikinmu. A Zariya ta yi karatun aikin gona, a can ta haɗu da Salahuddeen, wani baƙar fata Ba'amurke, Musulmi, wanda ya zo binciken irin masara. Mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa a yi haƙuri. Kowa ranka ya daɗe ne a wurinsa, har ni, har 'yata ta goye. Da aka ɗaura masu aure ya tafi da ita, muka koma ganinsu a waya.

Washegarin haihuwa, bayan la'asar, lokacin da su gari ya waye masu, suka kira. Na ɗauki wayar na kai ɗakin kakarmu, Iya Talatu, mahaifiyar Baba. Iya ta ba saba'in baya da shekara bakwai, amma har yanzu ita ke sheƙe hatsinta, kuma bakinta bai tsufa ba ko kaɗan. Tana da wasu kalmomi nata da ba na kowa ba. In kana zuba mata kunu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Bari hakanan." In ka yi tafiya ka kira gida, sai ta ce, "Ka sauka?" In ka yi mata rashin kunya kuwa, "Ba ka kai ba" za ka ji, sanda na biye. Mun taso muna kwaikwayonta muna dariya, mun ɗauka Hausar mutanen da ce.

Aka nuna mata jaririn, jajir da shi a cikin farin tawul. Ta matso da fuskarta har hancinta ya taɓa gilashin wayar.

Ta ce, "To, na yi sabon miji. Amma ku ce mashi ni ba ni hawa jirgi, shi za ya zo ya same ni."

Sai Salahuddeen ya ɗauko wani littafi mai kauri ya ɗaga. Amatullah ta ce littafin asalinsu ne, mahaifiyarsa ce ta yi shekara ashirin tana haɗa shi. Ya buɗe shafin farko yana karantawa, ita tana mayar mana da Hausa. Kakan kakanninsa ne, wani mai suna Amos. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga soja, a yaƙin da mutanen Amurka suka yi don su kori Turawan Ingila daga ƙasarsu, yau fiye da shekara ɗari biyu da arba'in. Ya yi wata uku cikin ƙanƙara ba takalmi, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. Da aka gama yaƙi aka sallame shi da wani fili a gefen tudu, da ya je ya tarar rabinsa duwatsu ne.

Iya ta ce, "Hakanan suke yi ma soja ko'ina. Ci gaba."

Amos ya yi shekara shida yana kwashe duwatsun da hannu, yana jera su a iyakar gona har suka zama katanga. Ya auri wata Hannah, wadda Iya ta mayar Hannatu nan take. Suka haifi sha ɗaya, huɗu suka koma tun suna ƙanana. Ya noma masara da alkama, ya dasa itatuwan tuffa arba'in. Da ya rasu ya bar garma ɗaya, saniya biyu, da bindigar da bai sake harbawa ba tun da ya dawo. Salahuddeen ya nuna mana hoton katangar, wai har yau tana nan, shi da kansa ya taɓa zama a kanta.

Iya ta ƙura wa duwatsun ido. Can ta ce, "Wanga manomi ne. Amma wa ya riƙe maku duk wannan?"

Amatullah ta ce matarsa ce ta fara. Ita ta rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a bangon littafin addininsu, 'ya'ya suka ɗora.

Iya ta dafe ƙirji. "Hannatun? Ta rubuta sunan mijinta da hannunta? Kai, duniya da faɗi take."

Muka yi dariya, har Salahuddeen da bai san abin dariyar ba. Daga nan ya gyara zama ya yi magana da Hausarsa, a hankali, yana ɗora kalma kan kalma. Ya ce sunan Amos an maimaita shi sau shida a zuriyarsu, ya ƙoshi. Ya ji labarin cewa kakan matarsa shi ma soja ne kuma manomi, kuma ba a taɓa yi masa takwara ba saboda ba a samu namiji ba. Don haka sunansa yake so a sa wa yaron. Ya juya littafin ya nuna mana farin shafi a gefen na Amos, ya ce ya bar shi don kakanmu. Ragon suna a Sheme za a yanka, a ƙofar gidan Baba, ranar Talata mai zuwa.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Na ga ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Ni ma daɗi ya cika ni har na yi guɗa, na ce ai wannan mai sauƙi ne, Kofur Ɗanliti wa bai san shi ba?

Ashe nan gizo ke saƙa. Da Baba ya je wurin liman da maganar, liman ya yi murmushi ya ce Ɗanliti ai laƙabi ne na wanda aka haifa ranar Litinin, ba da shi aka yanka wa Kofur rago ba. In takwara ake so na gaskiya, a kawo sunan yanka. Baba ya juyo gida. Shekararsa hamsin da uku a duniya, kullum yana rubuta Yahya Ɗanliti a kowace takarda, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba.

Kada ku yi saurin zarginsa. Kakanmu maraya ne, daga wani ƙauye bayan Sabuwa ya biyo fatake ya zo Sheme yana saurayi, ba wa, ba ƙane. Ƙauyen ma ya tashi tuntuni. Ya auri Iya, bayan shekara uku ya tafi yaƙin basasa, ya dawo da ɗingishi da igiya biyu a kafaɗa da wata igiyar ta daban, doguwa, a cikin jaka. Da wannan doguwar yake ja wa gonarsa layi kafin ya yi huɗa, kunyoyinsa su miƙe sambal kamar sojoji a fareti. Mutane suka yi ta dariya, wai Kofur yana koya wa dawa maci. Da aka yi kaka biyu suka ga rumbunsa, sai ga su suna zuwa aron igiya. Ya rasu Baba yana ɗan shekara sha biyu. Gari duk Kofur suke ce masa, sa'o'insa su ce Ɗanliti, ɗansa ya ce Baba. Wadda ta ji sunan da kunnenta ranar ɗaurin aure, kuma take raye, mutum ɗaya ce.

Na ce wa Baba ya bar ni da ita. Ni da Iya ba a shiga tsakaninmu, kuma ban taɓa neman abu a wurinta na rasa ba. Na same ta tana tsince wake.

Na ce, "Iya, mi ne sunan Kofur na yanka?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, ba ki kai ba."

"Don Allah fa. Yaron nan za a sa mawa."

"Shekara sittin da ɗaya bakina bai hwaɗe shi ba. Yana raye ban kira shi ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe mashi ido zan kama sunanshi gatsau kamar ɗan da na haifa?"

Na ce to kada ta faɗa, ni zan jero sunaye, in na zo kansa ta ɗaga kai kawai. Na fara. Na yi Abdulkarim, na yi Mas'udu, na bi Audu da Garba da Sule da Mamman, na shiga sunayen da ni kaina ban san inda na samo su ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Da na tsaya shan iska ta ce ko na faɗa daidai ba za ta motsa ba, ɗaga kai ai faɗi ne, ita ba yarinya ba ce da za a yi wa wayo. Na tashi na bar mata ɗakin ina huci.

Ranar Alhamis muka buɗe tsohuwar akwatin ƙarfen Kofur. Muka tarar da igiyar, ta yi baƙi don tsufa, da bel, da takardar sallama daga soja wadda gara ta ci gefenta. Na warware takardar. Abin da aka rubuta shi ne Danliti Sabuwa, sai lamba. Wato ranar ɗaukar soja an tambaye shi suna, ya faɗi wanda ake kiransa da shi, an tambaye shi gari, magatakarda ya haɗa biyun ya wuce na gaba. Na ji kamar in nemo magatakardan nan in ja masa kunne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba ya roƙi liman ya zo da kansa. Liman ya zauna a bakin ƙofar Iya ya yi mata bayani mai kyau, cewa babu laifi a addini mace ta ambaci sunan mijinta, balle ga dalili. Iya ta saurare shi har ya gama, ta gode masa.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma ni ba zunubi nike gudu ba."

Liman ya kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa. Aka yi addu'a aka tashi.

Saura mutum ɗaya. A Yargoje akwai Baba Ɗanasabe, wanda suka yi yaƙi tare da Kofur a rukuni ɗaya. Hanyar Ƙanƙara yanzu ba a binta yadda aka ga dama, sai da rana, sai motoci sun taru sun tafi tare, kuma kowa ya san dalili. Baba ya ce kada in je. Na ce ƙanwata tana can wata uwa duniya da ɗanyen jego tana jiran suna, ni kuwa ina nan ina tsoron tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba? Ranar Asabar na shiga mota.

Baba Ɗanasabe Kirista ne, iyayensa Maguzawa. Idonsa ya tafi, amma kansa garau. 'Yarsa Lidiya ta shimfiɗa mini tabarma a gindin bedi, ta kawo ruwa. Da ya ji ko ni wace ce sai ya kama hannuna da hannayensa biyu ya ƙi saki.

Ya ce, "Jikar Ɗanliti! Ɗiyata, kakanki ya goye ni a bayanshi ya ƙetare kogi da ni, harsashi na cikin cinyata, shi kuma nashi na cikin ƙahwa. Kin ga wanga mutum? Ana ruwan wuta, in muka hwaɗa rami, sai ki ga ya damƙi ƙasa yana shinshinawa. Ya ce mani, Ɗanasabe, wagga ƙasa rogo take so. Mu muna ta ranmu, shi yana ta rogo!"

Muka yi dariya har Lidiya ta share hawaye. Na bar shi ya gama, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saki hannuna.

"Sunan yanka? A bariki lamba ce sunanka." Ya karanto lambar Kofur tiryan-tiryan, daidai da ta takardar, bai yi tuntuɓe ba. "Wannan na riƙe. Ɗayan kuwa bai taɓa hwaɗa mani ba. Abu ɗaya nike tunawa. Ni mutum ne mai baki, in mun yi wasa sai in zage shi. Sai ya yi dariya ya ce, kai Ɗanasabe, da ka san sunana na gaskiya, da kai dai ba ka zage ni ba ko da wasa. Na ce hwaɗa mani mana. Ya ce a'a, bar ni in ci gaba da jin zagin, yana ɗebe mani kewa."

Na ɗauka cika bakin soja ne kawai. Na yi godiya, Lidiya ta ɗaure mini gyaɗa a leda, na kamo motar azahar na dawo hannu rabbana.

Da yammar nan na shiga wurin Iya, kuma ban shiga da wasa ba. Raina a ɓace yake ƙwarai. Na ce mata mutanen can sun riƙe sunan nasu shekara ɗari biyu da arba'in, da yatsunsa biyu da saniyarsa biyu, mu namu ko shekara hamsin bai yi a ƙasa ba za mu yar da shi. Na ce ran da ta rufe ido shi ke nan, sunan ya bi ta kabari, Kofur ya zama lamba a takardar da gara ke ci. Na faɗi maganar da zafi, na sani, kuma ban janye ba.

Na zaci sanda za ta ɗauka. Sai ta ajiye carbinta ta dube ni.

Ta ce, "Hafiza, da ya rasu, rigunanshi aka raba ma mutane. Bindigarshi ta farauta hukuma ta karɓe. Gonar hwadama aka yanka aka sai da rabi shekarar yunwa. Ɗanshi ma gari ne ya yi rainonshi tare da ni. Duk abin da ya bari sai da na raba da wani. Wanga ɗaya ne ban raba da kowa ba. In na kwanta ina kiranshi a cikina, ba mai ji. Shi kike so in hiddo in aza a kasuwa?"

Ni da ake cewa bakina ya fi ƙarfina, na tashi sumui-sumui na fita. Tausayinta ya kama ni, kunyar kaina ta kama ni, kuma duk da haka ina son sunan.

Ranar Lahadi Amatullah ta kira, na gaya mata gaskiya. Ta yi kuka. Salahuddeen ya ce ba komai, ranka ya daɗe, za a iya sa wa yaron Yahya, sunan Baba, shafin kuma a rubuta Ɗanliti. Ya faɗa da kyakkyawar zuciya, amma na ga yadda ya rufe littafin a hankali. Iya tana zaune a gefe, ban san tana saurare ba. Ta ce in miƙo mata mijinta ta gani. Aka kawo jaririn gaban waya, ya yi miƙa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya dunƙule hannu. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Ta tambayi Amatullah ko Hannatun nan ta daɗe bayan mijinta. Aka duba littafi aka ce shekara goma sha tara. Iya ta ce, "Allah sarki," ta miƙo mini wayar.

Litinin gida ya cika da mata. Ana daka, ana tankaɗe, ana wanke tukwanen suna, rago na ɗaure a gindin rumbu yana cin harawa bai san gobe ba. Baba ya riga ya gaya wa liman Yahya za a sa. Ni ina dama kunun tsamiya a babbar ƙwarya, ina yi ina tsaki. Sai Iya ta leƙo daga ɗakinta ta ce in kawo mata, kuma ni ta ce, kada in aiko kowa.

Na shiga da ƙwaryar da ludayi. Tana zaune a bakin gado, ta riƙe ƙoƙonta da hannu biyu, wani tsohon ƙoƙo mai ɗinki a gefe wanda ba ta bari kowa ya sha da shi. Na zuba ludayi biyu, yadda ta saba. Na jira ta ce bari hakanan. Ba ta ce ba.

Ta ce, "Zuba."

Na ƙara ɗaya. Ƙoƙon ya kai wuya.

"Zuba."

Na dube ta. Idonta na kaina, ko ƙiftawa ba ta yi. Na ƙara, kunu ya cika fal har yana rawa a baki.

"Zuba, na ce."

Na zuba. Kunu ya malalo ta gefe, ya bi yatsunta, mai zafi, ya ɗiga a zaninta ya sauka ƙasa. Ba ta janye hannu ba. Haushi da tsoro suka kama ni lokaci ɗaya, na yi tsammanin tsufa ne ya taɓa mata kai.

Na daka mata tsawa, "Haba Iya! Za ki ƙone! Ai ya isa!"

Sai ta sauke ƙoƙon a hankali ta ajiye a ƙasa. Ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ke kika hwaɗa. Ni ban ce komi ba."

Na tsaya da ludayi a hannu kamar an dasa ni. Bari hakanan. Ka sauka. Ba ka kai ba. Duk suka dawo mini a jere. Shekara talatin da uku ina jin matar nan tana kewaye kalma ɗaya kamar mai kewaye rijiya, ban taɓa lura da ramin ba. Na tuna ko labarin annabawa take ba mu muna yara, in ta zo kan guda ɗaya sai ta ce ɗan Nana Maryamu, ta wuce. Na tuna Baba Ɗanasabe, Kirista, da abin da Kofur ya ce masa, da kai dai ba ka zage ni ba ko da wasa.

Na durƙusa na kama hannunta ina goge kunun da gefen mayafina. Yatsun sun yi ja. Na buɗe baki zan tambaye ta in tabbatar, ta ɗaga mini hannu. Na gane.

Na sami Baba a zaure yana lissafin goro. Na ce, "Baba, tun da kake, ka taɓa jin Iya ta ce abu ya isa?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan ana cikin aiki. Sai kuma ya tsaya. Na ga yana tafiya baya a cikin kansa, shekara bayan shekara, har ya kai ƙuruciya. Goron da ke hannunsa ya faɗi ya gangara.

Ya ce, "Hafiza, in kuma ba haka ba ne fa? Suna ba riga ba ne da za a cire."

Na ce, "In ba haka ba ne, gobe a kwance ragon a ɗaure ni."

Ya sa takalmi ya nufi gidan liman.

Talata da sassafe maza suka cika ƙofar gida. Mu mata muna ciki, kowa da abin da take yi, amma kunnuwa duk suna waje. Bayan Baba ban gaya wa kowa ba, ko Amatullah cewa na yi ta jira. Na ce na tabbata, kuma na tabbata, amma na tsaya jikin turmi ina kasa kunne. Iya ta fito da kanta, abin da ba ta saba ba, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida kusa da zaure. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta yafa wani tsohon mayafi mai ruwan bula da ban taɓa ganinta da shi ba.

Muka ji an yi Fatiha. Muka ji shiru. Sai muryar maroƙi ta tashi ta ƙetare katanga, yana cewa an raɗa wa yaro suna Isa, Allah ya raya Isa, Isa jikan Malam Yahya, takwaran Kofur mai igiya.

Mata suka ɗauki guɗa. Ni ban yi ba, Iya nake kallo. Tsohuwar da ba ta sunkuya wa kowa a Sheme, wadda ta mayar da liman da hujjarsa, sai ga ta ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf kamar amaryar jiya. Kafaɗunta suna rawa. Na je na zauna kusa da ita, ban taɓa ta ba. Ta cikin mayafin na ji tana cewa amin, amin, a duk lokacin da maroƙin ya sake kiran sunan, shi kuwa kamar ya sani, ya yi ta maimaitawa.

Bayan la'asar suka kira daga Amurka. Amatullah tana dariya tana kuka. Salahuddeen ya buɗe farin shafin nan, alƙalami a hannu, ya ce Iya ta faɗi abin da za a rubuta, ranka ya daɗe. Iya ta gyara zama. Ta ce ya rubuta maraya ne, ya zo Sheme da sanda ɗaya. Ya rubuta ya tafi yaƙi ya dawo da mutum a bayansa. Ya rubuta kunyar gonarsa ba ta taɓa karkacewa ba, kuma bai taɓa matsa iyakar kowa ba ko da taki ɗaya. Ya rubuta yana son rogo da ƙuli. Ta ce a sa shi dab da mai duwatsun nan, za su sami abin hira.

Salahuddeen ya rubuta duka. Ya ɗago ya ce, cikin rashin sani, saura suna a sama, Iya ta faɗa masa yadda ake furta shi daidai.

Iya ta kalli jaririn da ke barci a kafaɗar uwarsa, ta miƙa yatsanta mai tabon kunu ta shafa gilashin wayar daidai kumatunsa.

Ta ce, "Ga shi nan kuna riƙe da shi. In ya yi baki, ku tambaye shi."